Magana a kan yajin aiki da wanda aka kora domin bakinsa

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, na ji waɗansu daga cikinmu suna cewa yajin aiki fitina ne, wai wanda ya karɓi lada ba shi da ikon ajiye aiki. Ni ban yarda da wannan magana a ɗunkule ba. Mun karanta babin ijara, mun san abin da aka ƙulla a kai shi ne aiki sananne da lada sananne. Ban ga inda aka ce mai aiki ya sayi harshen ɗan ƙwadago tare da hannunsa ba.

Ku ji abin da ya faru a ƙasar Polan. Akwai wata mace, Anna Walentynowicz, mai tuƙa injin ɗaga kaya a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta birnin Gdansk. A watan Agusta 1980 aka kore ta, saura wata biyar ta yi ritaya. Ba ta yi sata ba, ba ta yi lalaci ba. Laifinta shi ne tana cikin masu neman ƙungiyar ma'aikata wadda ba ta hannun gwamnati. Ran 14 ga wata abokan aikinta suka ajiye aiki, suka zauna cikin ma'aikatar. Kwana uku ba su cika ba aka yarda a mayar da ita. Sa'an nan suka rubuta bukatu 21, ta fari ita ce a bar su su kafa ƙungiyarsu, suka kafa hujja da yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1948. Polan ta sa hannu a kanta tun 1957, amma shekara ashirin da uku takardar nan tana kwance, ba ta hana korar kowa ba, sai ran da ma'aikata suka tashe ta.

Kada ku ce to ashe ba ta da amfani. A Disamba 1981 soja suka danne ƙasar, aka tsare dubbai, aka kori mutane daga aiki. Ƙungiyar nan ta Janeba ba ta da soja ko ɗan sanda, abin da gare ta shaida. Ta naɗa masu bincike, suka fid da rahoto a 1984 cewa an karya alkawari. Hukuma ta fusata har ta ce za ta fita, daga baya ta fasa, kuma a 1989 ta halatta ƙungiyar da ta haramta. Najeriya ma ta karɓi yarjejeniyar nan a 1960, saboda haka ma'aikacinmu yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Na san za a ce mini, marar lafiya fa, in likita ya tafi? Wannan gaskiya ce, kuma ƙungiyar ita kanta ta yarda a taƙaita yaji inda rai yake cikin haɗari. Amma tun 2012 wakilan masu ba da aiki suka tsaya a kan cewa kalmar yaji ba ta cikin lamba 87, har a 2023 aka miƙa gardamar ga kotun duniya ta birnin Heg. In an bar ma'aikata da ƙungiya aka hana su ajiye aiki, ina so a gaya mini wa zai mayar da matar nan bakin injinta.