Wane Asusu Aka Saka Kuɗin Fenshon Ma'aikaci?

Manomin Karofi ba ya barin wani ya zaɓa masa irin da zai shuka. Amma ɗansa da ya samu aiki a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a jerin sababbin jami'o'in 2011, ana yankar kashi 8 cikin 100 na albashinsa kowane wata, gwamnati ta ƙara kashi 10 bisa dokar fensho ta 2014, kuma da wuya ya iya faɗin inda ake juya kuɗin nan. Wannan sakaci ne, ba tawakkali ba.

Tun watan Yuli na 2018 Hukumar Fensho ta Ƙasa, watau PenCom, ta raba kuɗin ma'aikata zuwa asusu huɗu. Bambancinsu shi ne yawan abin da aka yarda a saka a hannun jarin kamfanoni da makamantansu, waɗanda darajarsu ke hawa da sauka. A tsarin farko, Asusu na Ɗaya zai iya kai kashi 75, na Biyu kashi 55, na Uku kashi 20, na Huɗu kuwa, na waɗanda suka yi ritaya, kashi 10 kacal. Wanda bai kai shekara 50 ba kuma bai ce kome ba, sai a ajiye shi a na Biyu. Idan ya cika 50, a mai da shi na Uku. Shiga na Ɗaya sai mutum ya rubuta takarda da kansa.

A nan ne maganar take. Jama'a da yawa suna ɗauka cewa asusun da ba ya girgiza shi ne mai aminci. Ga magidancin da saura shekara uku ya bar aiki, haka ne, domin idan kasuwa ta faɗi ba shi da lokacin jiran ta tashi. Amma matashin malami mai shekara 30 yana da wani abokin gaba da ya fi faɗuwar kasuwa haɗari, shi ne tsadar kaya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Kuɗin da ribarsu ba ta kamo wannan ba, lambarsu tana ƙaruwa a takarda, alhali buhunan geron da za su saya suna raguwa. Irin wannan matashi ya kamata lalle ya auna Asusu na Ɗaya, yana sane da cewa wata shekarar zai ga ragi.

Akwai kuma masu ƙin duba takardar gaba ɗaya saboda tsoron riba ta haram. Uzurinsu ya ragu ƙwarai, domin a 2021 an buɗe Asusu na Shida wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ana saka dukiyarsa a sukuk, irin wanda Gwamnatin Tarayya ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi. Shi ma sai an nema ake shiga.

Laifin ba na ma'aikata kaɗai ba ne. Kamfanonin da ke riƙe da kuɗin sun fi ƙwazo wajen neman sababbin mutane fiye da yi wa na hannu bayani, bayanin ma da Turanci, a ƙananan haruffa. Masinja da direba suna da haƙƙin a karanta musu shi da Hausa. Tun Nuwamban 2020 ma'aikaci yana da ikon ɗauke asusunsa daga wani kamfani zuwa wani sau ɗaya a shekara, kuma kamfanin da ya kasa aiko wakili Dutsin-Ma ya amsa tambayoyi ya cancanci a bar shi.