Ana rubuta cinikin babur, ba a rubuta cinikin zane

Wannan makon faɗa na zo yi, kuma da mu nake, ban ma kai kan Bature ba tukuna.

Duk wanda ya taɓa sayen babur na hannu a Ikara ko Hunƙuyi ya san tsarin. Ba ka miƙa kuɗi sai an kawo rasit na asali, an duba lambar inji, an rubuta takarda, shaidu sun sa hannu. Gona kuwa sai da sanin mai unguwa da maƙwabtan iyaka. Ko saniya a kara sai dillali ya tsaya maka cewa ba ta sata ba ce. Amma zanen da mutum ya yi wata guda yana ɓata ido a kansa, sai a naɗe shi kamar tabarma, a karɓi kuɗi, a yi musabaha, shi ke nan.

Wani yayanmu a unguwa ya yi karatun zane a Zariya. Wani dillali ya zo ya kwashe masa aikin shekara biyu, kuɗin suka ƙare a takin damina ɗaya. Daga baya abokinsa ya turo masa hoto daga Instagram: zanensa na kasuwar rake ta Maƙarfi rataye a wani shago a Turai, an rubuta a ƙasa wai ba a san mai zanen ba. Sa hannunsa ɗan ƙarami ne a kusurwa, katakon da aka kewaye zanen da shi ya rufe shi. Na tambaye shi rasit, babu. Hoton zanen kafin ya fita, babu. Cikakken sunan dillalin ma bai riƙe ba. Da me zai yi jayayya?

A kasuwar zane ta duniya, salsala ake saye tare da fenti: wa ya zana, yaushe, wa ya fara saye, hannun wa da wa ya bi. In salsalar ta yanke, ko dai farashi ya faɗi, ko kuma wanda zanen ke hannunsa ya rubuta labarin da ya ga dama. Ku dubi Tutu, zanen da Ben Enwonwu ya yi wa wata gimbiyar Ife a 1974. Shekaru da yawa ba a san inda yake ba, ashe yana rataye a wani gida a arewacin Landan. A watan Fabrairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi fam miliyan 1.2. Enwonwu ya rasu tun 1994. Uku ya zana, sauran biyun ba a ji ɗuriyarsu ba. In haka ta faru da mutumin da duniya ta sani, har ya sassaƙa mutum-mutumin Sarauniyar Ingila, ina ga ɗan Kudan da ko a Kaduna ba a san shi ba?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, harkar nan a bakin ƙofarmu take. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ayyukansu yau gidajen tarihi da attajiran waje ke rububi. Daga Maƙarfi zuwa Samaru tafiyar safiya ce, amma a tambayi ɗan sakandarenmu sunan ɗaya daga cikinsu a ji. Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin ta kan buga wa tukwanenta hatimin haruffa biyu, LK. Harufan nan su ne bambancin tukunyar da ake gwanjonta da sunan mai ita da wadda ake kira tukunyar gargajiya kawai.

Na san wani zai sauko ƙasa ya rubuta cewa zane ba al'adarmu ba ce, mu bar wa masu ita. To allon zayyana fa? Aikin babbar riga fa, da adon bangon gidajen Zazzau? Su ma fita suke yi, kuma su ne suka fi fita babu suna. Wani kuma zai ce Turawa ɓarayi ne, a hana sayar musu. Satar akwai, babu musu. Kayan Nok na kudancin jiharmu haƙa aka yi ta yi ana ficewa da su, har wasu suka bayyana a Louvre a 2000, sai daga baya Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro. Amma zanen yayanmu ba sace shi aka yi ba, da hannunsa ya miƙa. Ni ban ce kada ya sayar ba. Mai zane ba zai ci fenti ba, kuma attajiranmu na gida sun fi son hotonsu da gwamna a falo. Cewa na yi a rubuta.

Mu marubuta ma ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Nawa ne a cikinmu suka sayar wa ɗan kasuwa littafi ɗungurungum, aka yi ta bugawa ba su san adadi ba?

Abin da nake nema bai fi ƙarfin littafin ɗari biyar ba. Kowane zane a ba shi lamba, a rubuta suna da shekara a bayansa da abin da ba ya gogewa, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta wanda ya saya da farashi, mai saye ya sa hannu ya tafi da kofi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta tanadi kaso ga mai zane in an sake sayar da aikinsa ta gwanjo ko ta hannun dillali, Faransa kuwa tun 1920 take da irin wannan doka. Sai dai wanda bai san inda zanensa yake ba, wa zai bi bashi?

Zan kai maganar taron ƙungiyarmu na wata, in nemi a buɗe rajista ɗaya ta masu zane da zayyana na Ikara, Maƙarfi da Kudan. In an ƙi, zan buɗe da kaina. Yayan nawa ya riga ya yarda ya zama lamba ta ɗaya, da zane huɗun da suka rage masa a ɗaki.