Wa zai biya simintin da ya daskare?

Jama'a masu sauraronmu na Dakoro da kewaye, maganar ga ta hi ƙarfin minti goma na shiri, shi ya sa munka kawo ta nan.

Kun san salon. Mutum ya sayi hili bakin titi, ya tara bulo, ya zuba tushe zai gina shaguna ko gidan mai. Kwatsam sai ga sammaci, wai hilin gadon kakan wani ne. Shekara da shekaru hilin na nan awaki na kiwo ciki, ba wanda ya tuna da kakan nan sai ranar da anka sauke siminti. In kun bi sawu, sau da yawa mai ƙarar ko kuɗin mota zuwa Maradi bai da. Mai biyan lauya wani ne daban: wanda shagonshi ke tsallaken titi, ba ya son kishiya.

Shi wannan bai damu ya ci shari'a ba, lokaci yake saye. A hwara gaban sarki neman sulhu, sulhu ya ƙi, a tahi gidan shari'a, a ɗage, a sake ɗagewa, a ɗaukaka ƙara. Kahin a gama, damina biyu sun wuce kan tushen. Siminti ya zama dutse cikin buhu, ƙarhe ya yi tsatsa, magini da leburorinshi sun kama hanyar Agadas neman aiki. Ran da alƙali ya ce mai gini ke da gaskiya, sai kowa ya ce alhamdulillahi, a watse. Shi kuwa wancan ya ci kasuwa shi kaɗai shekara biyu, ko dala bai biya ba.

Abin haushi, dokar hana wannan tana nan. Dokar tsarin shari'ar ƙararraki ta Nijar, mai lamba 2015-23 ta 23 ga Afrilu 2015, aya ta 15 ta ce ƙarar mugunta, ko ta ɓata lokaci, ko wadda ba ta da hujja mai ƙarhi, laihi ce da ke wajabta diyya. Ga kuma aya ta 1382 ta dokar zaman jama'a da munka gada daga Faransa: duk wanda ya jawo ma wani asara ta laihinshi, shi zai gyara. A ganinmu wannan aya ta isa ta kai ga mai ɓoyewa bayan labule, in an kawo shaidar shi ya ɗauki nauyin ƙarar. Faransar ma da abin ya ishe ta, a 2013 ta ba mai izinin gini damar neman diyya daga mai ƙarar ƙeta.

Mu nan kunya ke hana mu nema. Wai ɗan gari ne, wai surukin wane ne, a bar ma Allah. To leburan da ya rasa aiki, wa ya tambaye shi ko ya yahe?

Kar a juya mana magana. Akwai marayu da zawarawa da anka sayar da gonarsu ba su sani ba, waɗannan ƙararsu hakki ce, kuma duk alƙali na iya bambanta mai hujja da ɗan aike. Masu gini ma da nasu laihi: tun 1993 ƙasar nan ke da dokar karkara da ta kahwa kwamitocin hili, waɗanda muke ce ma Kofo, amma har yau wasu na sayen hili da shaidu biyu da goro, ba takarda.

Saboda haka mai gini, tun ranar da anka tsaida maka aiki, aje rasit na siminti, rubuta kuɗin leburori, ɗauki hoton tushen da waya. Ka ce ma lauyanka ya sa buƙatar diyya cikin ƙarar tun hwarko, ya kuma tambayi mai ƙara gaban alƙali wa ke biya mishi kuɗin mota.