Ba A Jibiya Masana'antun Kano Suka Mutu Ba

A wannan mako muna so mu yi magana a kan abin da kowa ke faɗi a ƙarƙashin rumfa, amma masu mulki ba su son a buga shi a takarda. Maganar kuwa ita ce, mun fid da rai ga alkawarin da ake ta yi mana cewa za a ta da masana'antun Kano. Mun fid da rai ne da hankalinmu, bayan mun yi lissafi, kuma ga lissafin nan za mu shimfiɗa muku, kowa ya duba da kansa.

Mu mutanen Jibiya muna da bakin magana a nan, domin duk sa'ad da aka tambayi wani babba abin da ya kashe masaƙun ƙasar nan, sai ya nuna mu da yatsa, ya ce 'yan fasa-ƙwaurin bakin iyaka ne. To, tun da an yi zagi a kasuwa, kuma mun san da mu ake, lalle ne mu amsa.

DA DA YANZU

A zamanin kakanninmu tufa daga Kano take fitowa ta yi Arewa. Bature Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa saƙar Kano da rininta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa, ta ƙasar Katsina fatake ke wucewa da shi zuwa Agadas. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi dala, aka kafa Bompai, daga baya aka yi Sharaɗa da Challawa. Akwai injin matsar man gyaɗa, da majemar fata, da kamfanin alewa, da na kwano da tasa, da na keken Raleigh, da na harhaɗa manyan motocin Fiat. Akwai masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya. A Kaduna kuma an buɗe masaƙar KTL a 1957, sauran suka biyo baya, har Kakuri ta zama gari guda. A shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 170, kuma in aka fid da aikin gwamnati babu inda ya kai su ɗaukar ma'aikata.

Yaron Jibiya ko na Batsari da ya gama firamare a wancan lokaci, ya san in ya hau mota ya sauka Kano zai sami aikin wata. Albashinsa kuwa a nan gida ake cinsa: ya aiko a sayi taki, ya yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki, ya ba uwarsa jarin ƙuli-ƙuli. Yau wannan yaro in ya je Kano, sai dai ya tura baro a Kwari ko Singa, ko ya karɓi A Daidaita Sahu ta wani yana kawo balas. Da yawa daga cikin gine-ginen Bompai da Sharaɗa an mai da su sito, ana jibge kayan da aka yi a ƙasar Sin a daidai inda injuna ke ruri a da. KTL ta rufe a 2002. Tufar da ke fita ta Jibiya a da, yanzu ta Jibiya take shigowa.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Ba mu musun cewa ana shigo da atamfa da shadda ta ɓarauniyar hanya. Kowa ya san hanyar da suka daɗe suna bi kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023: daga Sin zuwa tashar ruwa ta Kwatano, daga nan zuwa Gaya, zuwa Maraɗi, zuwa Ɗan Isa, sa'an nan su kwana a Kantin Kwari. Kuma ba mu musun cewa wannan ya cuci masaƙunmu. Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya tsaga bangon?

Na fari, auduga. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, ta rushe Hukumar Auduga da sauran hukumomin sayen amfanin gona, ba ta kafa kome a madadinsu ba. Manomin Funtuwa da Malumfashi ya rasa mai ba shi iri mai kyau, ya rasa mai faɗa masa farashi kafin ya yi shuka. Sai ya koma masara da dawa, kuma ba mu ga laifinsa ba. A cikin wannan shiri ne aka karya darajar naira, har mai masaƙa ya kasa sayen kayan gyaran inji da sinadarin rini daga waje.

Na biyu, wuta. An kira ta NEPA, aka sake mata suna PHCN a 2005, aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, amma duhun bai sake suna ba. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta yi shekara da shekaru tana rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar. Mai masaƙa a Sin yana kunna inji dare da rana da wutar gwamnati, namu kuwa yana sayen man dizal yana zuba wa janareto. Baƙin man da ake dafa tukunyar tururi da shi, daga matatar Kaduna yake zuwa, wadda aka buɗe a 1980, ita kuwa ta yi shekaru ba ta tace kome ba. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga naira 68 zuwa 225 a kowane awo. A Oktoba na wannan shekarar Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Shin ɗan acaɓan Magama ne ya yi wannan?

Na uku, doka mai fuska biyu. An hana shigo da tufafi a ƙarshen shekarun 1970, aka buɗe a 1997 bayan Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka sake hanawa a zamanin Obasanjo, aka sake buɗewa a 2015. A 2019 Babban Banki ya ce ba zai ƙara ba masu shigo da tufafi dala ba, a 2023 ya janye. Wane mai hankali zai zuba dukiyarsa a inji na shekara ashirin, alhali bai san dokar baɗi ba?

Sa'an nan ku yi wa kanku wannan tambaya. Tirela mai ɗauke da dila ɗaruruwa, tana iya bin hanyar jaki? Hanyar Jibiya zuwa Katsina ba ta kai mil talatin ba, kuma duk direban da ke binta ya san yawan shingayen da ake tsai da shi. Tsohuwa mai rabin buhun shinkafa ba ta wucewa sai an zazzage ta. To, ta ina tirelar ke bi? Mai tirela yana da gida a Abuja, yana da abokai a majalisa, kuma ran zaɓe ana zuwa gaishe shi. Ba a Jibiya yake kwana ba.

AN GWADA RUFE IYAKA, ME AKA SAMU?

In da iyaka ce cutar, ai an sha maganin har ya yi yawa. A Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, watau mutumin Jibiya sai ya nemi mai a wani gari. A Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, amma aka bar Jibiya a rufe har Afrilu 2022. Ba mu gama numfasawa ba sojoji suka karɓi mulki a Yamai a Yuli 2023, aka sake garƙame mu har Maris 2024. A tsakanin nan ga 'yan bindiga, ga yanke layin waya da aka yi mana a 2021.

Ku haɗa watannin nan, sun haura shekara uku. Kasuwar Lahadi ta rame, 'yan dako sun watse, masu abinci a tasha sun kife tukwane, dangi na Maraɗi da na Katsina suka koma ratsa daji kamar ɓarayi domin zuwa biki ko ta'aziyya. To, a cikin waɗannan shekaru uku, muna so a faɗa mana sunan masaƙa guda ɗaya daga cikin matattun Kano da ta tashi ta kira tsofaffin ma'aikatanta. Guda ɗaya kurum muke nema. Mu aka yi wa kaciyar, amma mara lafiya yana nan kwance yadda yake.

ROMON BAKA

Gab da saukar Obasanjo a 2007 aka yi shelar naira biliyan 70 domin masaƙu. A 2010 aka ce biliyan 100 ce, ta hannun Bankin Masana'antu. A 2017 aka sa hannu a kan umarni mai lamba 003, cewa ma'aikatun gwamnati su fifita kayan gida. A Mayu 2019 Gwamnan Babban Banki ya zo nan Katsina aka yi bikin rabon irin auduga. A Yuni 2020 aka ƙaddamar da bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, aka ce shekara biyu za a gama; aka shiga 2025 gas bai iso Kano ba. A 2025 ɗin kuma aka amince a kafa wata sabuwar hukuma ta auduga da tufafi. Kowane ɗaya an yi masa taro, an ɗinka anko, an kira maroƙa. Ankon ma in ka duba bakinsa, ɗan Chana ne.

Ga kuma jirgin ƙasa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Muna maraba da shi, domin ta ƙofarmu zai bi. Amma wane kaya zai ɗauko daga Kano ya kai Maraɗi? In Bompai da Sharaɗa ba su yin kome, taragon zai tafi da iska ne ya komo da dilar atamfa, sai dai a ce an sauƙaƙa wa mai tirela.

Kada wani ya ce mana abin ba ya yiwuwa. Bangaladash ba ta da audugar kirki, saye take yi daga waje, amma tana sayar da tufafin kusan dala biliyan 40 a shekara, kuma mutum wajen miliyan huɗu ke cin abinci a ciki, galibinsu mata. Ita kanta Benin da muke zagi, ta keɓe fili a Glo-Djigbe kusa da Kwatano, ta kai wuta, ta sa ana saƙa audugarta ana ɗinkawa ana kai wa Turai da Amurka. Ba su fi mu ƙasa ba, ba su fi mu hannu ba. Abin da suka fi mu shi ne, in sun faɗi magana a Litinin ba su sake ta a Talata.

ABIN DA MUKE NEMA

Wanda ya fid da rai ga maƙaryaci ya huta da jiran gawon shanu, kuma ya sami lokacin neman haƙƙinsa. Saboda haka ga buƙatunmu, kuma muna roƙon kowane ɗan kasuwa ya riƙe su.

Ɗaya, a buga sunayen kamfanonin da suka karɓi rancen biliyan 100, da abin da kowa ya karɓa, da abin da ya biya, da yawan ma'aikatan da ke gare shi a yau. Kuɗin talakawa ne, ba gadon kowa ba.

Biyu, a ba Bompai da Sharaɗa da Challawa wuta tasu ta kansu, dare da rana, a kan farashin da aka rubuta, kuma a faɗi ranar da za a fara.

Uku, a riƙa faɗa wa manomin auduga farashi kafin ruwan shuka, a kai masa iri daga Samaru a kan lokaci, kuma a tabbatar akwai mai saye da kaka.

Huɗu, kakin soja, da na 'yan sanda, da na kwastan, da yunifom ɗin 'yan makaranta, da zanen gadon asibiti, duk a saye su daga masaƙar gida, tun da doka ta riga ta ce haka. Mai gadin iyaka ya fara duba rigar wuyansa.

Biyar, a rage shingayen hanyar Jibiya, a bar mai ƙaramin ƙarfi ya nemi abincinsa, a je a kama mai sito a inda sitonsa yake.

Nan gaba kaɗan za su zo da motoci da lasifika, su tsaya a bakin kasuwa su ce za su farfaɗo da masana'antu. Ko daga wace jam'iyya mutum ya fito, har da tamu, kada ku tafa masa. Ku tambaye shi: wace masaƙa, a wace unguwa, mutum nawa, wane wata, kuma da wace wuta? In ya amsa, ku sa ɗan makaranta ya rubuta, a ajiye wurin Sarkin Kasuwa har ran da zai dawo neman ƙuri'a. In ya kama kame-kame, ku koma kan cinikinku, ya ci gaba da yi wa iska jawabi.

Ran da muka ga motar kaya ta taso daga Sharaɗa da atamfar da aka saƙa da audugar Funtuwa, ta wuce ta Magama ta nufi Maraɗi, ran nan za mu buga a wannan shafi cewa Kano ta tashi, kuma za mu yi godiya ga wanda ya yi aikin ko da abokin adawarmu ne. Kafin nan, kada a ƙara ɗora wa Jibiya gawar da ba ita ta kashe ba.

Allah ya ba talaka mafita, ya kawo mana damina mai albarka da zaman lafiya. Wassalam.