Filin Uwa da Yaro: Kafin ki saya wa ɗanki raket ɗin tanis

Wata 'yar'uwa daga Tsohon Birnin Gwari ta aiko da tambaya. 'Yarta mai shekara 9 tana karatu a Kaduna, ta fara wasan tanis a makaranta, kuma ta matsa sai an saya mata raket. Wane iri ya dace?

Uwargida, abu na farko shi ne kada ki yi wa raket lissafin rigar sallah, wato a sayo babba don yaro ya girma a ciki. Raket ɗin manya tsawonsa inci 27 ne. Idan kika ɗora wa ƙaramar yarinya shi, wuyan hannunta da kafaɗarta ne za su ɗauki nauyin. Daga nan sai ciwo, sai ƙwallo ta ƙi zuwa inda take so, sai ta tsani wasan, kuɗinki kuma sun tafi a banza.

Ga yadda aka saba rabawa: inci 21 ga 'yan shekara 5 zuwa 6, inci 23 ga 'yan 7 zuwa 8, inci 25 ga 'yan 9 zuwa 10, inci 26 ga 'yan 11 zuwa 12. Amma tsayin yaro ya fi shekarunsa muhimmanci. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ba tafiya ce da za a yi sau biyu don canjin kaya ba, saboda haka ki gama awonki tun a gida. Yarinya ta miƙe tsaye ta saki hannu, ki ɗauki tef ɗin tela ki auna daga ƙasa zuwa tafin hannunta. Wannan awon shi ne kimanin tsawon da ya dace da ita. Ki rubuta shi ki ba wanda za ki aika.

Sai mariƙi. Idan ta riƙe, ya kamata ɗan yatsa guda ya shige tsakanin kan yatsunta da tudun tafin hannu. In ana shakka, a ɗauki siriri, domin ana iya ƙara masa naɗi, mai kauri kuwa ba ya raguwa.

Ga mai koyo, mara nauyi mai faɗin kai shi ne daidai, don ya fi saurin samun ƙwallo. Na alminiyam ya fi araha, kuma ya wadatar a shekarun farko. Na girafait mai tsada sai ta fara shiga gasa, kocinta ya ce lokaci ya yi. In na gwanjo za a duba, kamar a Kasuwar Barci, a bi jikinsa da yatsa a tabbatar babu tsagewa. Igiya in ta tsinke ana sake ta, amma jikin da ya tsage ya gama aiki.

Kada ki manta da ƙwallo. Tun 2012 hukumar tanis ta duniya, ITF, ta wajabta amfani da ƙwallaye masu laushi a gasar yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa: ja, ruwan lemo, sannan kore. Ja ta fi rashin gudu, ita ce ta masu farawa.

Idan ta dawo hutu, bangon siminti ya isa fili. Ki ja layi da alli a tsayin santimita 91, tsayin raga ke nan a tsakiya, ta riƙa bugawa sama da shi. In ta gama a ajiye raket a inuwa, domin zafin rana na lalata igiyarsa.

Wace uwa ce ta taɓa sayen na gwanjo, kuma yaya ya yi ƙarko? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya raya mana zuri'a.