Tuta da Gicciye: Hujjar Kiristocin da ke Ƙin Ɗaukaka Aikin Soja

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, Nijeriya takan tuna da mazan jiya, a yi musu addu'o'i a masallatai da majami'u. Ingila ma tana yin nata bikin a watan Nuwamba. Sai dai tun fil azal akwai wani rukuni na Kiristoci da ke ƙyamar shigar da tuta da kakin soja cikin ɗakin ibada. Galibi akan ɗauke su matsorata ko maciya amanar ƙasa. Haƙiƙa akwai gaggawa cikin wannan hukunci.

Tushen ra'ayin nan a Afirka ta Arewa ya fi bayyana. Wajen shekarar 211, malamin nan Tartuliyan na birnin Kartaj ya yi rubutu yana kare wani soja Kirista da ya ƙi ɗora kambin ganye a ka ranar rabon kyautar sarkin Rum. A shekarar 295 kuma aka fille kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan, ɗan shekara 21, a garin Tebessa cikin Aljeriya ta yau, saboda ya ƙi shiga soja. Bayan da sarki Kwanstantin ya rungumi addinin a ƙarni na huɗu ne al'amari ya juya, har Agustin ya shimfiɗa sharuɗɗan yaƙin da ya halatta. Duk da haka ɗariƙu irin su Menonayit da Kweka sun riƙe tsohuwar hanya.

Hujjarsu iri biyu ce. Ta farko, Annabi Isa ya hori mabiyansa da ƙaunar abokan gaba. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce kishin ƙasa in ya wuce gona da iri yakan rikiɗe ya zama addini, da tutarsa da takensa da shahidansa. Alal misali, a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus suna ɗaure da ɗamara mai rubutun cewa Allah yana tare da su. A lokacin ne wani manomi ɗan Ostiriya, Franz Jägerstätter, ya ƙi yi wa Hitila yaƙi, aka kashe shi a 1943. Mutanen ƙauyensa sun daɗe suna zarginsa, amma a 2007 cocin Katolika ya sanya shi cikin masu albarka.

Masu suka sukan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, watau wanda ya kwana lafiya albarkacin soja bai kamata ya hana shi girma ba. Maganar tana da ƙarfi, kuma wajibi ne masu ƙin yaƙi su biya wannan bashi ta wata hanya. 'Yan Kweka sun yi haka, don sun yi jigilar masu rauni a fagen fama cikin yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Daɗin daɗawa, juyayin soja daban, tsarkake yaƙi daban. A 1982, bayan yaƙin tsibiran Fokland, Akbishop Robert Runcie, wanda shi kansa tsohon soja ne mai lambar jarunta, ya tuna da mamatan Ingila da na Ajantina baki ɗaya a addu'ar godiya ta cocin Sen Pol. Wasu 'yan siyasa sun fusata, amma bai rage wa kowane soja daraja ba.

A taƙaice, ƙasa tana da haƙƙin haraji da biyayya ga doka, amma ba ta da haƙƙin sujada. Kotun Ƙolin Amurka ta fahimci haka a 1943, ana tsakiyar yaƙi, da ta yanke cewa ba za a tilasta wa ɗalibi ya sara wa tuta ba. Ƙasar da ta iya jure wa ɗanta mai ƙin ɗaukar bindiga don imaninsa, ta samu mai faɗa mata gaskiya ranar da kowa ke tafi.