Sharhi: Sulhun masu kulob da 'yan wasan hoki a Amurka, da abin da aka biya kafin a kai gare shi

A watan Yulin 2025 hukumar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, NHL, da ƙungiyar 'yan wasanta, NHLPA, suka amince da sabuwar yarjejeniyar aiki wadda za ta fara a 2026 ta ƙare a 2030. An kammala ta fiye da shekara guda kafin tsohuwar ta ƙare, ba yajin aiki, ba rufe fili. Ga wanda ya san tarihin gasar mai kulob 32, wannan abin mamaki ne.

Sau huɗu rikicin ƙwadago ya tsayar da wasa. Na farko yajin aiki ne na kwana 10 da 'yan wasa suka yi a watan Afrilun 1992. Sauran ukun kuwa masu kulob ne suka rufe ƙofa, suka hana wasa da albashi har sai ma'aikatansu sun sauko, kuma duk a zamanin Gary Bettman, wanda ke shugabancin hukumar tun 1993. A kakar 1994 zuwa 1995 an rage wasannin kowane kulob daga 84 zuwa 48.

Mafi muni shi ne na 2004. Masu kulob sun dogara da rahoton Arthur Levitt, tsohon shugaban hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, wanda ya ce sun yi asarar dala miliyan 273 a kaka guda, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shiga na tafiya ga 'yan wasa. Suka nemi a ƙayyade abin da kowane kulob zai kashe kan albashi. Ƙungiyar, ƙarƙashin Bob Goodenow, ta musanta alƙaluman, ta ce ba za ta yarda ba. Ranar 16 ga Fabrairun 2005 aka soke kakar baki ɗaya, wasanni 1,230 suka salwanta, kuma a karon farko tun annobar mura ta 1919 ba a ba kowa Kofin Stanley ba.

Da ƙura ta lafa, 'yan wasa sun karɓi abin da suka ƙi tun farko: iyakar dala miliyan 39 ga kowane kulob, da zaftare kashi 24 cikin 100 na albashin da ke cikin kwantiraginsu. Goodenow ya sauka daga muƙaminsa. Dalilin faɗuwarsu ba ɓoyayye ba ne. Attajirin da ya mallaki kulob yana iya jure shekara guda babu wasa, amma ɗan wasan da ƙarfinsa bai wuce na 'yan shekaru ba, kakar da ta wuce shi ta wuce ke nan.

An sake komawa gidan jiya a watan Satumban 2012. A lokacin kuɗin shigar gasar ya kai dala biliyan 3.3, 'yan wasa na karɓar kashi 57. Bayan kwana 113, tare da sa bakin mai shiga tsakani na gwamnatin tarayya, aka daidaita kan raba-daidai. Kashi bakwai ɗin da suka bari ya haura dala miliyan 200 a shekara. Masu sayar da abinci, masu gadi da masu shara a filayen wasa kuwa, waɗanda ba su da kujera a teburin sulhu, sun rasa aikinsu na watanni ba tare da an tambaye su ba.

To, me ya sauya? Na farko, babban abin da ake faɗa a kansa, wato rabon kuɗi, an riga an yanke shi. Na biyu, kuɗin na ƙaruwa. Iyakar albashi da ta tsaya cik a dala miliyan 81.5 saboda annobar korona ta kai miliyan 95.5 a kakar 2025 zuwa 2026, kuma an tsara ta kai miliyan 113.5 bayan shekara biyu. Na uku, tun 2023 Marty Walsh ke jagorantar ƙungiyar, bayan ya ajiye muƙamin sakataren ƙwadago na Amurka, kuma shi da Bettman sun zaɓi tattaunawa tun da wuri. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Sai dai sabuwar yarjejeniyar ma ba kyauta ba ce. Wasanni za su ƙaru daga 82 zuwa 84, an kuma rage tsawon kwantiragi da shekara guda, zuwa bakwai ga mai sabuntawa da kulob ɗinsa, shida ga mai sauya sheƙa. Tsarin raba-daidai na nufin idan kuɗin shiga ya gaza, daga albashin 'yan wasa ake riƙe wani kaso don cike giɓin, kamar yadda ya faru lokacin korona.

Saboda haka sulhun na tsaye ne kan bunƙasar kasuwa. Idan kuɗin talabijin ya ragu, ko dalar Kanada ta faɗi ta jijjiga kulob bakwai na ƙasar, waɗanda ke samun kuɗi da ita amma suke biyan albashi da dalar Amurka, tambayar 2004 za ta dawo teburi a 2030: wa zai ɗauki asarar?